Zuwa ga Yaya a Gombe, kan jikin Baffa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa, ya mai jiki? Allah ya sa kaffara ne.

Bututun nano da ka gani a waya wai maganin ciwon dajin maƙoshi irin na Baffa, don Allah kada a sayar da gona saboda shi. Bututu ne da ake shafa wa ƙwayoyin zinare da ido ba ya gani, a haska masa wuta su yi zafi su ƙona ciwon. Ana ta gwada shi kan dabbobi a Koriya ta Kudu, bai zama maganin da ake ba marasa lafiya ba tukuna.

Maganin haske kam akwai, Amurka ta amince da shi tun 1995. Ana yin allurar Photofrin, maganin da ke sa haske ya iya kashe ƙwayoyin dajin, miligiram 2 kan kowane kilo na nauyin mutum, bayan awa 40 zuwa 50 a zura jan haske ta maƙoshi. Amma hasken ba ya shiga nama da nisa, kuma sai mutum ya guje wa rana aƙalla kwana 30, in ba haka ba fata ta ƙone. Ka dai san ranar Gombe.

Abin da ya fi damuna shi ne Baffa ya samu ya haɗiya. Ka tambayi likitansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya batun bututun raga na ƙarfe. Faɗinsa kamar milimita 18 zuwa 23 ne, ana sa shi ta baki, ya gama buɗewa cikin kwana biyu ko uku, shi ya sa ƙirji ke ciwo da farko. Ba ya kashe ciwon dajin, hanya yake buɗewa.

In an sa, a fara da ruwa, sai kunu da kindirmo, daga baya tuwo mai laushi da miyar kuka da yawa. Loma ƙarama, a tauna sosai, a kora da ruwa. Ban da kilishi, tsire, burodi da mangwaro mai zare, su ne ke toshe ragar. Ya ci a zaune, kada ya kwanta sai bayan awa biyu, a kuma ɗaga masa kai da filo, don ruwan ciki na iya dawowa. In haɗiya ta sake tsayawa, ko ya yi aman jini, ko yana tari duk sanda ya sha ruwa, a kai shi asibiti a ranar.

Ka turo min hoton takardar gwajin naman da aka yanka. A gaida Inna da yara.

Ƙanwarka, daga Ingila