Barka da Kirsimeti daga 'yarku a Manchester

Baba da Mama, barkanku da Kirsimeti. Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kun tashi lafiya, ya sanyi, ya hidimar biki? Ya ƙafar Mama? Auta ke za ki karanta musu wannan, dan Allah a hankali, banda tsallake layi, na san halinki.

Yanzu na shigo daga aikin dare, ƙarfe 8 ne a nan, ku 9 kenan, amma har yanzu gari bai gama wayewa ba, kuma kafin 4 na yamma duhu ya sake rufewa. Haka muke fama tun Nuwamba. Ina zaune da kofin shayi ina ta hango gidanmu na Badawa, na san Mama tun asuba take kan tukunya, an soya kaji, cincin ya cika bokiti, anjima in an taso daga sujada a jera langa a ɗora wa yara su kai wa maƙwabta, su ma in Sallah ta zo su aiko da nasu. Ni da nake ƙunƙuni in an aike ni Yankura sayen kayan miya cikin wannan cunkoson, yau da za a ce in je da gudu zan tafi. Hazon nan ma da ke fasa mana leɓe na yi kewarsa, kun ji abin dariya.

Baba, akwai maganar da na daɗe ina so in faɗa muku, a waya kuma kunya ba ta bari na. Kun tuna yadda kuke tashin mu ƙarfe 5 don addu'ar safe, ko da hunturu ne, muna rawar ɗari muna gyangyaɗi kuna cewa a buɗe Zabura 119? Aya 176 cif, kuka raba mana takwas takwas kowa ya haddace nasa, wanda ya kasa ranar Asabar ba shi ba fita ƙwallo ko wasan 'yar gala-gala. Gaskiya a lokacin haushi nake ji sosai, har a raina nake cewa in na girma na yi gidana ba wanda zai tashe ni. To ga shi na girma, ba mai tashi na, ƙasar nan ko shekara za ka yi ba ka leƙa coci ba babu mai tambayar ka, wasu tsofaffin majami'un ma an mai da su gidajen haya da wurin cin abinci. Amma ayoyin nan ba su bar ni ba. Ina cikin bas da sassafe sai in ji aya ta 19 ta faɗo min, inda mai zabura ke cewa shi baƙo ne a duniya, kada Allah ya ɓoye masa umarnansa. Da ina rera ta ne kawai kamar karatun aku, sai da na zama baƙuwa da kaina, ba uwa ba uba ba mai cewa sannu, na gane abin da mutumin yake roƙo. Aya ta 62 kuma ta ce da tsakar dare yake tashi ya yi godiya, nace to wannan da masu aikin dare yake, ni ce nan.

Littafi Mai Tsarkin da kuka sa min a akwati ranar da zan tafi, mai baƙin bango da kuka ja wa layi da jan biro, yana jakar aikina kullum. Akwai shi a waya, Hausa da Turanci duka, amma ba ɗaya ba ne. In na karanta da Turanci kaina ne ke ji, in na karanta da Hausa muryarku nake ji. Nakan tuna labarin da kuke ba mu na Kaka, cewa da tsohuwar fassarar nan ta 1932 wadda su Dokta Miller na Wusasa suka yi aikinta ya koyi karatu, yana bin baƙi da yatsa a gaban aci-balbal. A gidan tsofaffin da nake aiki akwai wata tsohuwa da mantuwa ta kama, ko 'ya'yanta ba ta ganewa, amma in na fara mata Zabura 23 sai ta karɓe ta kai har ƙarshe ba tuntuɓe. Ranar farko da na ga haka fita na yi na shiga banɗaki na sha kuka.

To amma son Maganar Allah da sauƙi, bin ta ne aiki, kuma nan ne na faɗi. Kun san abin da ya shiga tsakanina da Yaya, ko da yake kun yi kamar ba ku sani ba. Kuɗin kwanon rufin gidan ƙauye da na tara wata da watanni, ina wanke tsofaffi ina tsayuwar awa 12, ya ɗauka ya sayi adaidaita sahu bai faɗa min ba, sai a bakin Gwaggo na ji. Na rufe shi a WhatsApp tun watan Yuni. Kuma duk tsawon lokacin nan ina karatuna, ina baiko, ina waƙa a zumunta, har aya nake tura wa mutane kowace safiya kamar wata matar fasto, amma barci ya ƙaurace min, in dawo a gajiye liƙis in kwanta ido biyu ina lissafin fam nawa naira nawa. In na zo Matiyu 5, wurin da Yesu ya ce in ka kawo baikonka ka tuna akwai magana tsakaninka da ɗan'uwanka, ka ajiye baikon ka fara zuwa ku shirya, sai in yi saurin juya shafi, wato irin tsallaken da nake hana Auta. Nace ai ni aka cuta, shi ya kamata ya nemo ni. Yaƙubu kuwa, a wasiƙarsa cikin Littafi Mai Tsarki, bai ɓoye ba, ya ce mai jin Magana bai aikata ba kansa yake yaudara.

Abin da ya karya ni makon jiya ne, ina karanta labarin haihuwar Yesu. Na lura Yusufu mijin Maryamu ko kalma ɗaya tasa ba a rubuta ba. An ce ya ɗauki Maryamu, ya tashi daga barci ya ɗauka. An ce ya gudu da yaron Masar, cikin daren ya kama hanya. Ni kuwa wata shida ina jayayya da aya biyu. A daren na buɗe lambar Yaya na rubuta masa na yafe, na kuma nemi gafarar maganganun da na faɗa masa, don na faɗi waɗanda ba su dace ƙanwa ta faɗa wa yayanta ba. Ba wai abin ya daina min ciwo ba ne, kuma har yanzu ina ganin bai kyauta ba, amma ranar na yi barcin da rabona da shi tun damina, har na kusa makara aiki. Aya ta 165 da ke maganar babbar salama ga masu ƙaunar shari'ar Allah, a rabon Yaya take fa lokacin hadda, shi ya riƙa rera mana ita.

Ya karanta saƙon, na ga alama, bai dai amsa ba. Baba dan Allah kar ku yi masa faɗa, Mama ke ma kar ki sa baki, ku bar shi. In ya zo cin abinci anjima ku ce masa zan kira lambar Auta ƙarfe 7 na yammanku kafin in fita aiki, in ya ga dama ya karɓa. Maganar rufi kuma mu bar ta sai bayan sabuwar shekara, tunda da sauran lokaci kafin ruwa ya sauka.

Na turo ɗan abin biki ta asusun Auta, a cire na maganin Mama tukuna, a ba Gwaggo nata, sauran a saya wa yara lemo. Ku gaishe min da Baba Fasto da Mama Fasto, da dattawa, da 'yan Zumuntar Mata, ku ce ina jin gangarsu daga nan. In an samu mai tahowa a aiko min da kuka da daddawa da yaji, banda kilishi, ƙwacewa suke yi a filin jirgi.

Bari in ɗan kwanta, ido ya fara nauyi. Ku sa ni a addu'ar yamma.

Taku,
'yarku ta biyu