Abin da ya kamata a tarar a jakar mai gyaran injin fotokwafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in yi magana a kan wata sana'a da ba a cika kawo ta a shafukanku ba, alhali duk wanda ya taɓa neman gurbin karatu, ko ya shigar da ƙara a kotu, ko ya nemi aikin gwamnati, ya ci moriyarta, wato gyaran injinan fotokwafi da firinta. Yawancin injinan da ke aiki a shagunan buga takardu na bakin jami'o'i da sakatariyoyi, daga Samaru ta Zariya har zuwa Kabuga a Kano, na hannu ne, irin su Sharp da Ricoh da Kyocera da Canon da HP waɗanda suka gama wa'adinsu a ofisoshin ƙasashen waje kafin a sauke su a Legas. Inji irin wannan ba ya daɗewa sai da mai gyara na kirki, kuma abin da na lura da shi a wannan sana'a shi ne, da yawa daga cikin injinan da ake jinginewa a lungu ba tsufa ne ya kashe su ba, kayan da aka taɓa su da shi ne ya ƙarasa su.

Abu na farko da nake so in gani a jakar duk wanda ya kira kansa injiniya shi ne mita ta auna wuta, domin mai gyaran da ba ya aunawa, canki-canka yake yi da kuɗin mutane. Wutar gidajenmu a ƙa'ida volt 230 ce, amma kowa ya san yadda take sauka, musamman idan an koma kan ƙaramin janareta. Hitar da ke gasa tona, wato garin tawadar injin, a jikin takarda tana aiki ne a kan zafin da ya kai wajen digiri 180, kuma ita ce ta fi komai jan wuta a cikin injin. Idan wuta ta yi ƙasa, hitar ba za ta kai zafinta a kan lokaci ba, sai injin ya tsaya ya nuna lamba: H4 a Sharp, ko SC542 a Ricoh, ko kuskure mai lamba 50 a firintar HP. Wanda ba shi da mita zai ce wa mai shago hita ta mutu, a je a sayo wata da tsada, a ɗaura, bayan 'yan kwanaki lambar ta sake dawowa, alhali da ya soka mita a soket tun farko da ya ga inda gizo ke saƙar. Da mitar nan ce kuma ake gane ko fitilar cikin hitar ce ta yanke, ko fis ɗin kariya ne ya tsinke, ko kuwa ɗan abin da ke auna zafi ne ya lalace, kuma kowanne daga cikinsu bai kai rabin kuɗin hita sukutum ba.

A nan ne zan ja kunnen 'yan'uwana a kan ɗabi'u biyu. Akwai masu haddace yadda ake goge lambar kuskure, misali ta hanyar shiga lamba 14 a sashen gyara na Sharp, su goge, su karɓi kuɗi, su tafi, ba tare da sun binciki abin da ya jawo ta ba. Idan lambar H3 ce, wadda ke nufin zafi ya wuce kima, to gogewar nan ba gyara ba ce, buɗe wa gobara ƙofa ne. Akwai kuma masu ɗaure fis ɗin kariya da guntun waya idan ya tsinke, wai don aiki ya ci gaba. Shagon da ke cike da rim-rim na takarda ba wurin irin wannan ganganci ba ne. Haka nan kafin a jona kowane injin da aka sauke sabon zuwa, a leƙa bayansa a karanta farantin da ke manne, domin wanda ya fito daga Amurka volt 120 yake sha, kuma idan aka soka shi kai tsaye ba tare da tiransifoma ba, allon wutarsa zai ƙone kafin a ƙifta ido.

Sai batun sukudireba, wanda ake rainawa. Galibin injinan nan ƙirar kamfanonin Japan ne, kuma sukurorinsu suna bin ma'aunin Japan mai suna JIS, wanda a ido ya yi kama da mai kan kuros da muka saba da shi amma ba ɗaya suke ba. A kan wasu ma za a ga ɗan ɗigo a gefen kuros ɗin. Sukudireba ta kasuwa tana zamewa a cikinsu, ta cinye kan sukuru, har a wayi gari wanda zai zo daga baya sai ya fasa murfi kafin ya shiga. Ya kamata a samu doguwa da gajera, masu maganaɗisu a baki, domin sukurun da ya faɗa cikin giya ko ya kwanta a kan allon wuta ya fi matsalar da aka zo gyarawa. A haɗa da mabuɗin noti mai milimita 5.5, da filaya mai dogon baki, da ƙugiyar ɗaga sifirin, da hantsaki, da tocilar goshi wadda za ta bar hannu biyu su yi aiki, da ɗan madubi mai mariƙi na leƙa lungu. Ɗan gwangwani na zuba sukurori kuwa ba ya cin ko sisi, amma rashinsa ne ya sa ake ganin injina da murfi yana lilo.

Inda ɓarna ta fi yawa shi ne wajen shara da goge-goge, kuma a ƙasarmu da hunturu ke cika ko'ina da ƙura, rabin aikin mai gyara shara ce. Tona gari ne na roba da launi, mai laushi ƙwarai, wanda zafi ke narkarwa. Idan aka hure shi da baki ko da injin hura iska irin na masu gyaran kwamfuta, ba fita yake yi ba, sauya wuri yake yi: ya hau madubai, ya rufe idanun da ke lura da wucewar takarda, ya kwanta a kan allon wuta, sauran kuma ya shige huhun mai hurawa da na yarinyar da ke zaune tana buga takardu a gefe. Injin shara na gida ma bai dace ba, domin matacinsa ba ya riƙe garin, ga kuma haɗarin tartsatsi. Akwai injin zuƙa da aka ƙera musamman domin tona; yana da tsada, ban musa ba, amma masu gyara uku ko huɗu da ke unguwa ɗaya za su iya haɗa kuɗi su mallaki guda. Kafin a kai ga haka, burushi mai laushi da ƙyalle marar gashi da takunkumin rufe hanci sun fi hurawa sau dubu. Idan kuma tona ya zuba a riga, a kakkaɓe a wanke da ruwan sanyi, domin ruwan zafi dasa shi yake yi har abada.

Fetur da kananzir ba su da gurbi a jakar nan ko kaɗan. Na san dalilin da ya sa ake shafa su a robar da ke jan takarda: nan take takan kama, mai shago ya ga aiki ya yi kyau, ya biya da murna. Bayan ɗan lokaci robar ta kumbura ko ta tsattsage, takarda ta koma maƙalewa fiye da da. Ƙyalle mai ɗan danshin ruwa ya wadatar da roba, gilashi da madubi da siririyar wayar caji ta cikin injin kuma a goge su da sifirit mai tsabta irin na isopropyl. Reza ma haka: duk wanda ya kankare busasshen tona daga rolar hita da reza ya ɗaye fatar da ke hana takarda mannewa, kuma rolar ta gama yawo. Diram kuwa, wato koren ko shuɗin bututun da hoton ke fara kwanciya a kansa, haske yana kashe shi, zanen yatsa yana ɓata shi, saboda haka ya kamata a riƙa yawo da baƙar leda mai kauri ko takarda ta rufe shi da zarar an zare, maimakon a jingine shi a bakin ƙofa rana tana duka. Giris na hita shi ma nasa daban ne, mai jure zafi, ba irin na babur ba.

Busasshiyar iskar hunturu tana kawo wata matsalar da ba a gani, wato ɗan tartsatsin da mutum ke ji idan ya taɓa ƙarfe bayan ya goga jikinsa da tufa. Wannan ya isa ya kashe allon da kuɗinsa ya kusa na injin gaba ɗaya, shi ya sa ɗamarar hannu mai waya da ake maƙalawa a jikin ƙarfen injin take da amfani duk da arharta. A kuma tuna cewa sashen caji yana aiki da dubban volt, hita kuma tana ƙuna ko bayan an kashe, don haka a zare fulogi a jira ta huce.

Zamani ya ƙara wa jakar wasu kaya da iyayen gidanmu ba su sani ba. Injin yau firinta ne, sikana ne, kuma yana jone da kwamfutocin ofis, har sau da yawa ƙorafin "ya ƙi bugawa" ba shi da alaƙa da ƙarfe ko roba. Dole mai gyara ya riƙe filashi mai ɗauke da manhajojin haɗa firinta da kwamfuta, da wayar USB, da wayar netwok tasa ta kansa wadda ya tabbatar tana aiki, da littafin gyara na kowane samfurin da ya saba taɓawa a ajiye cikin wayarsa, ba sai ya tsaya neman sabis a gaban mai kaya ba. Ya kuma riƙa ɗaukar hoton wayoyi da giyoyi kafin ya kwance. Ina kuma ba da shawarar ɗaukar 'yan takardu busassu a cikin leda, domin da damina takardar da ta kwana a buɗe tana shan danshi, ta riƙa lanƙwashewa tana maƙalewa, a ɗora wa inji laifin da ba nasa ba.

Kirana ga masu koyar da yara wannan sana'a shi ne, ranar yaye yaro a haɗa masa jakar nan, kada a sallame shi da sukudireba ɗaya da addu'a kawai. Hukumomi irin su ITF da NDE da ke horar da matasa sana'o'in hannu su ma ya dace su saka gyaran injinan ofis a cikin tsarinsu, tare da kayan aikin da ake bai wa waɗanda suka kammala. Masu shaguna da jami'an ofisoshi kuma suna da haƙƙin su ce wa mai gyara ya buɗe jakarsa su gani kafin ya kwance sukuru ko ɗaya, su kuma nemi ya nuna musu abin da mita ta nuna kafin su ba da kuɗin sayen wani sabon kaya.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Wani mai gyaran injinan ofis,
Kano.