Alƙalin da ya yanke hukunci kafin ya kalli fim

Malam Edita, assalamu alaikum.

Maganar da baƙonku ya yi a shirin fina-finai na daren Asabar ta tsaya mini a rai. Mutum yana cikin alƙalan gasa, amma ya buɗi baki ya ce da zarar ya ga sunan jarumi a gurbin darakta, ya san fim ɗin ba zai kai labari ba. Mai gabatarwa kuma ya yi dariya ya wuce, ko tambaya ɗaya bai yi masa ba. To alƙalancin me aka yi ke nan? Mutane sun kashe dukiyarsu sun kai fim gasa, ashe tun daga sunaye aka zubar da su.

Na daɗe ina riƙe fitila a lokeshin a nan Kano. Na san wani jarumi da ba ya tafiya hutawa in ya gama fitowarsa. Sai ya tsaya bayan mai kyamara cikin rana, yana tambayar dalilin sauya gilashin kyamara, yana kallon yadda ake karkata haske. Da ya zama darakta, wata yarinya ta kasa yin kuka a wurin da aka miƙa mata takardar saki. Ya fitar da mu duka daga ɗakin, ya zauna da ita a tabarma yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Da muka dawo, har mai ɗaukar sauti sai da ya share hawaye. Ya iya hakan ne don shi ma ya taɓa tsayawa gaban kyamara jikinsa na rawa.

Shin baƙon naku bai san Oumarou Ganda ba? Ɗan Nijar ne, yana dako a Abidjan mai shirya fim ɗan Faransa Jean Rouch ya saka shi a fim a 1958. Shi ne kuma ya fara lashe babbar kyautar Yennenga a FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972, a matsayin darakta, har aka sa wa wata kyautar bikin sunansa. Ali Nuhu ma da fitowa a fim ya fara, ya koma ba da umarni, tun 2024 kuma yake shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya mai shirya bikin fina-finai na Zuma.

Akwai jaruman da suna kawai suke nema, na yarda. A kalli fim ɗinsu har ƙarshe, sannan a kayar da su. Ku dawo da baƙon nan ya gaya mana fim nawa ya yi wa haka.

Sai kuma tallar maganin basir da kuke yanke hira da ita ana tsakiyar magana. Don Allah ku mayar da ita ƙarshen shiri.

Mai sauraronku,
daga Fagge, Kano