Wasiƙar darakta ga iyaye da masu riƙon yara: zancen tsinkaye da marafan kwalba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu maza da mata, alhazai da hajiyoyi, da duk mai riƙon yaro a wannan makaranta, muna gaishe ku, ya sanyi, ya ƙura? Allah ya raya mana zuri'a.

Takardar wannan wata ta yi tsawo. Ku yi haƙuri ku kai ƙarshenta, wanda idonsa bai ɗauka ya ba ɗansa na CM, wato manyan azuzuwan firamare, ya karanta masa. Abin da ya jawo ta kun sani, maganar da aka tayar ce ran Asabar a taron kwamitin makaranta. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya miƙe ya ce wata biyu ke nan da komawa lakwal, jikansa na CI, wato aji ɗaya, bai kawo masa faransanci ko na gaisuwa ba, sai waƙa da tafi da tsintar marafan kwalba a titi. Na ga mutane da yawa suna gyaɗa kai. Tambayar ba ta ɓata mini rai ba, haƙƙinsa ne ya yi ta. Abin da ya ɓata mini rai ya faru ran Litinin: yara da dama sun shigo aji babu jakar lissafinsu. Wani ya ce an share ta da shara. Wata yarinya, tana hawaye, ta ce da tsinkayenta aka hura wutar kunu. Tsinkayen da ta kwana uku tana yankewa daidai wa daida.

To bari in shigar da ku ajin, tunda yawancinku ba ku taɓa wuce bakin ƙofa ba.

Takwas saura kwata ake buga ƙarfe. A ɗaga tuta, a yi taken ƙasa, a duba farce da kai, a shiga. Rabin awar farko ta magana ce zalla. Yau wace rana, jiya fa, gobe fa, wa bai zo ba? Madam, malamar ajin, ta ɗaga faifai ko tulu ta ce a faɗa mata abin da aka gani, a kuma faɗa da jimla cikakkiya. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai an koya masa a gida ya sunkuyar da kai gaban manya, tarbiyya ce mai kyau kuma ba mu zo rushe ta ba, amma a aji muna so ya koyi ɗaga hannu ya buɗe baki cikin ladabi. Akwai yaran da sai a wannan makon muka fara jin muryarsu.

Tafin da kuke ji daga bayan katanga, rarraba kalma ne gaɓa-gaɓa. Gu-re, tafi biyu. Ta-nut, tafi biyu. Da-ma-ga-ram, tafi huɗu. Sai kowa ya tafa sunansa da na babarsa. Yaron da kunnensa ya ji cewa kalma tana rabuwa, ran da aka rubuta masa b da a ba ya wahala wajen cewa ba, ya ƙara ki ya ce baki. Kowace waƙa kuma da sautin da aka ɓoye a cikinta. Makon jiya ana kan haruffa masu ƙugiya ne, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Madam ta rubuta a babban allo: Sarki yana fada. Aka karanta, aka ce ai a Birni take, wasu har sun je kallon hawan salla. Ta ɗauki alli ta ɗora wa d ƙugiya ɗaya tak, sai ga Sarki yana faɗa. Aji ya kece da dariya. Ina ba ku tabbaci babu wanda zai manta da ƙugiyar nan a cikinsu.

Game da faransanci, kada hankalinku ya tashi. Kullum ana yinsa da baki a CI, gaisuwa da sunayen kayan aji da ƴan umarni, ana kuma ta fama da p da f waɗanda bakin Bahaushe yake haɗawa. Rubutunsa yana tafe. Amma yaro sau ɗaya yake koyon yadda baƙi da wasali suke haɗuwa su ba da kalma, kuma ya fi saurin kamawa a harshen da ya sha a nono. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu ƴan Damagaram: a nan garin aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri a aji, a watan Maris na 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Mu da muka yi CI a zamanin da, mun san yadda aka yi shekara ana maimaita abin da ba a san ma'anarsa ba. Ba na so jikokinku su bi ta nan.

Yanzu ga tsinkayen. Kowane yaro muna so ya riƙe tsinke 50 na tsintsiyar kaba ko na kara, tsawon ɗan yatsa biyu, da marafan kwalba 20 a wanke, cikin ƴar jaka. A CI ana ƙirga da su, a haɗa uku da huɗu a gani da ido bakwai ne, a raba takwas gida biyu. In tsinke ya kai goma a ɗaure shi da zare, ya zama ɗauri ɗaya. A nan ne yaro yake gane dalilin da ya sa 12 ba 21 ba ce: ɗauri ɗaya da tsinke biyu daban, ɗauri biyu da tsinke ɗaya daban. A CP, wato aji biyu, mushe, malamin ajin, zai ce a cire 7 daga 32. Yaro ya duba gabansa, ɗauri uku da tsinke biyu, biyu ba za ta ba da bakwai ba. Sai ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa, ya samu tsinke 12, ya cire 7, ya ga saura ɗauri biyu da biyar, ya rubuta 25. Aron da yake kayar da manyan ɗalibai a CM, ga shi nan ɗan shekara takwas ya taɓa shi da yatsunsa. Wanda ya zo ba jaka sai ya zauna yana kallon hannun maƙwabcinsa.

Marafan kwalba su ne kuɗin shagon aji. Wannan darasi na fi son in tsaya in kalla. Ƴaƴanmu sun san kuɗi tun kafin su san harafi, yarinya mai tallan ƙosai ba a cutarta a canji. Sai dai ita dala ta sani. Ka nuna mata tsabar da aka rubuta wa 25 ta ce dala biyar, ka nuna mata 100 ta ce dala ashirin, kuma gaskiyarta. Aikin malami shi ne ya haɗa mata biyun, ta gane kowace dala ɗaya, biyar ce a rubuce. Ta nan ninki biyar yake shiga kanta ba tare da hadda ba.

Allon hannu shi ma ina so in ja kunne a kansa. Malami ya faɗi tambaya, ya buga teburi a rubuta, ya sake bugawa kowa ya ɗaga allonsa. Da kallo ɗaya ya san wanda ya gane da wanda ya ɓace, ko da ajin a cike yake maƙil kamar namu. Yaron da bai da allo ba a ganinsa a wannan kallon, yana iya yin mako cikin kuskure ba a sani ba. Allo da alli da ɗan tsumman gogewa ba su kai kuɗin katin waya na mako ɗaya ba. Wanda da gaske ba shi da hali ya zo ya same ni ni kaɗai, ba wanda zai ji.

Wata uwa ta tambaye ni me ya sa ɗanta yake fara rubutu daga dama. Ba ciwo ba ne, Hajiya. Da asuba yana makarantar allo inda ake farawa daga dama, da hantsi yana nan inda ake farawa daga hagu. Muna sa musu ɗigo a kusurwar hagu ta allo, muna sa su zana a rairayi, su murza yumɓu su yi harafi, a hankali hannun yake rarrabewa. Kada a doke shi, kada kuma a cire shi daga wajen malam.

Dole in yaba wa madam ta CI a gabanku. Jakunkunan da kuka gani hannun marayun ajinta, ita ta ɗinka su da ƙyallayen gidanta. Ita ke fara zuwa, kuma bayan an tashi za ka same ta da yara biyar ko shida ƙarƙashin bedi tana sake bi da su wasula. Ban sa ta ba. Allah ya saka mata. Mushen CP ma ya yi ƙoƙari a lissafi. Sauran malamai sun san abin da na faɗa musu game da zama kan kujera.

Ku kuma iyaye, abu biyu. Na farko latti. Na san ana sanyi, na san wasu unguwanni sai an bi layin famfo kafin a samu na wanka, amma karatun haruffa tsakanin takwas da rabi da goma ake yinsa, lokacin da kan yaro yake sabo. Mai zuwa ƙarfe tara da rabi kullum ya rasa mafi yawansa. Na biyu Alhamis. Duk ranar kasuwar Dole benci na ƴan mata ya kan zama wayam, kuma ina da sunayen a rajista. Tallan yini guda ba zai biya harafin da aka wuce ba, don ran Juma'a an hau na gaba. Ƙungiyar iyaye mata ta ce za ta bi gida-gida, ku karɓe su da mutunci.

A gida ba mu nemi ku zama malamai ba. Bayan magariba ka ce ya nuna maka abin da ke allonsa. Ki sa ta ƙirga miki kwanoni ko ƙullin gyaɗa. Kaka ta yi musu tatsuniya, gobe su maimaita mana a aji. Yayye kuma su daina rubuta wa ƙannensu aikin gida, muna gane hannun.

Ran Laraba mai zuwa, daga takwas zuwa goma, ƙofar CI da CP a buɗe take. Mun tanadi benci a baya. Baba da ya yi tambayar, na aika masa gayyata ta musamman, kuma ina fata ya zo da waɗanda suka gyaɗa kai.

Sauran batutuwa a taƙaice. Jarrabawar zangon farko tana nan kafin hutu, ranakun suna manne a ƙofa. Waɗanda ba su kawo takardar haihuwa ba har yanzu sun san kansu. Kowane yaro ya zo da gorar ruwansa da rigar sanyi. Mai zazzaɓi ko ciwon wuya a kai shi likita, kada a turo mana shi. Masu suya a bakin makaranta su matsar da murhunsu nesa da ajin zana, wannan shi ne faɗi na uku kuma na ƙarshe. Mun gode wa magina biyu na unguwa da suka gyara ƙofar makewayi kyauta.

Wassalam.

Daraktan makaranta
Zinder