Sanarwa kan sharhin littattafan soyayyar Sukotland da na masu shan jini

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kafin mu ci gaba da sharhin wannan makon, ga ƴan gyare-gyare.

Masu ƙorafi cewa tufafin jaruman Sukotland a littattafan nan ba su dace da zamanin labarin ba suna da gaskiya. Bayan yaƙin Culloden na 16 ga Afrilu 1746, gwamnatin Birtaniya ta haramta wa mazan tsaunukan Sukotland sa tufafinsu na gargajiya, ba a ɗage dokar ba sai 1782. To jarumin da yake yawo da su a fili a 1760, in ba soja ba ne, marubuciya ta yi kuskure. Kuma mutanen tsaunukan nan yawanci harshen Gelik suke yi, ba Turanci ba.

A littattafan masu shan jini kuwa (wato dodannin almara masu siffar mutane da ke rayuwa da jinin mutane), abin da ya fi ɓata wa masu karatu rai shi ne saɓa ƙa'idar da labarin ya kafa da kansa. Misali, a babi na 3 rana tana ƙona jarumi, a babi na 20 yana zaune a tsakar gida da hantsi, babu bayani.

In za ku yi sharhi, ku faɗi babin, ku kuma sa gargaɗi kafin ku tona ƙarshen labari.