Barewa ma tana cikin wildlife, Malam ya dawo ya gyara darasinsa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Darasin Turanci na daren Talata a gidan rediyonku ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma raina a ɓace yake. Malamin shirin ya ce wa jama'a kalmar wildlife tana nufin mugayen namun daji masu cizo da kisa, su zaki da kura da damisa. Da wani yaro daga garin Figil ya bugo waya ya tambaya ko barewa tana ciki, sai ya ce masa a'a, wai ai barewa ba ta cutar da kowa. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma dubban yara sun ji ta, wasu ma sun rubuta a littafi.

Ni ba malamin makaranta ba ne. Direba ne, masu yawon buɗe ido na yi ta ɗauka daga nan Garwa, a arewacin Kamaru, zuwa gandun dajin Binuwai da Buba Njida da Waza, har ƙarfi ya fara ja baya. A bakin masu harshen na koyi kalmar, Turawan Ingila da Amurkawa, kuma da yawansu ko cigiyar zaki ba sa yi. Sai ka ga tsohuwa ta sa an tsai da mota a bakin tafki a Waza, ta kafa madubin hangen nesa a ido tun hantsi har rana ta take, tana kallon gauraka da kwasakwasa da jimina da garken zabin daji. In mun koma masauki da yamma ta ce yau ta ga wildlife har ta more. Raƙumin dawa yana tsinkar ganyen ƙaya, dorina a Binuwai, kunkuru mai tsallaka hanya, guza kwance a kan suri, har malam-buɗe-littafi, duk da wannan suna suke haɗa su. Akwai wanda ya hana ni taka hawainiya da mota, ya sauka ya ɗauke ta da hannunsa ya ajiye a gefen hanya.

Inda Malam ya zame shi ne wild. Gaskiya ne ana faɗinta ga mutum ko dabbar da ta fita hayyacinta, amma a nan ma'anarta abin da ya tashi da kansa a dawa, ba mutum ne ya kiwata shi ko ya shuka shi ba. Mu ma ai muna da wannan a bakinmu. Akwai zabon gida akwai zabon daji, akwai kyanwa akwai kyanwar daji. Wa ya taɓa cewa zabon daji mugu ne? Da abin da Malam ya faɗa wa yaron Figil ke nan, da an gama darasi cikin minti ɗaya.

Bai tsaya nan ba, sai ya ba da aikin gida, wai a rubuto masa five wildlifes. Haba Malam! Kalmar ba ta ɗaukar s, ba a ƙirga ta, sunan taron halittun ne gaba ɗaya. In guda ka gani, wild animal za ka ce, in biyar ne five wild animals. Kuma ko sau ɗaya bai ambaci game ba, wadda yara suka sani da ma'anar wasa kawai, alhali a bakin mafarauta tana nufin dabbobin da ake farauta. Turawan da ke zuwa yankunan farauta na kewayen Binuwai da Faro, in sun ce big game, ɓauna da gwanki da makamantansu suke nufi, ba ƙwallo ba.

Wani zai ce tsoho ya tada jijiyar wuya a kan kalma ɗaya. To, a ƙasar da Turanci da Faransanci suke harsunan gwamnati muke. Ma'aikatar da ke kula da dazuzzuka, wildlife ce a sunanta na Turanci, faune a na Faransanci. A nan Garwa makarantar horar da jami'an namun daji take tun 1970, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashen Afirka da dama. Yaranmu suna zama jarrabawar shiga aikin gandun daji. Jikana yana cikin masu sauraronku, ya zo yana yi mini gardama da bakin Malam, wai rediyo ta faɗa. Da wane ido zan kalle shi in ya rubuta wannan a takardar jarrabawa?

Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne abin da wannan fassara ke koya wa mutanen ƙauye. Dokar dazuzzuka da namun daji da Kamaru ta yi a 1994 ta kasa namun daji aji uku, A da B da C, gwargwadon kariyar da za a ba su, kuma ba da kaifin haƙori aka yi rabon ba. In yaro ya yarda cewa mai cizo kawai ake magana a kansa, me zai hana shi kama gauraka ya kai kasuwa, ko ya zuba wa ungulu guba don ya sayar da kawunansu? Da can mahauta ba ta rabuwa da ungulu, yanzu sai ka daɗe ba ka ga ko ɗaya ba. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka ganye take ci, ba ta cin mutum. Arewacin Kamaru ne mafakarta ta ƙarshe a duniya, a 2011 aka ba da sanarwar ta ƙare ƙaf. A 2012 ɓarayin hauren giwa suka shigo Buba Njida a kan dawakai suka karkashe ɗaruruwan giwaye. Na san dajin nan lokacin da sai ka kashe mota ka jira garke ya gama wucewa. A fassarar Malam, karkanda da barewa da raƙumin dawa duk ba sa cikin lissafi.

Ina roƙon a ba shi lokaci a shiri mai zuwa ya fito fili ya gyara, ya kuma kira yaron Figil ya gaya masa tambayarsa tana kan hanya. In da hali, a gayyato ɗaya daga cikin malaman makarantar namun daji ya zauna da shi, ba nisa tsakaninku.

Sannan, ranka ya daɗe, a duba maganar gaishe-gaishe. Shirin rabin awa ne, amma kusan rabinsa na tafiya wajen masu bugowa suna gai da surukai da abokan majalisa, kuma muryoyin nan dai su ne kullum. Mai tambaya ta gaske yana ta kira layi a cike, kuɗin wayarsa na ƙonewa in ya samu shiga aka ce ya dakata. A ware wa masu gaisuwa filinsu ranar Lahadi, a bar wa ɗalibai daren Talata.

Na gode.

Mai sauraronku, tsohon direba,
Unguwar Yelwa, Garwa.