Wasiƙar Godiya Ga Masu Gyaran Kwamfuta Na Kusa Da Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Injiniya, mai shagon gyaran kwamfuta da ke kusa da Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina, tare da yaran da ke aiki a ƙarƙashinsa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na ga ya dace in rubuta wannan godiya a bainar jama'a, domin wadda na yi muku da baki ba ta kai girman abin da kuka yi mini ba. Ni malamin Hausa ne a makarantar sakandare, kuma kwamfutar tebur da ke ɗakina ita ce ma'ajiyar aikin da na daɗe ina tarawa: tambayoyin jarrabawa, da darussan nahawu, da karin maganar da na tattaro daga bakin dattawan unguwarmu, waɗanda wasunsu sun riga mu gidan gaskiya.

Lokacin hunturu ne na fara kawo muku ita, saboda ƙurar da ta toshe fankarta har tana zafi tana kashe kanta. Da kuka gama share ta, Injiniya ya tambaye ni ko ina da bakof, wato kwafin bayanaina da aka ajiye a wani wuri dabam, na ce ƙwarai, akwai filas ɗin da nake kwafe takarduna a kai. Ya ce wannan yana da kyau, amma kayan ɗaki kawai na tanada, ɗakin kansa ban yi masa tanadi ba. Ya bayyana mini cewa idan faifan ajiyar da ke cikin kwamfuta ya mutu, ba takardu kaɗai yake tafiya da su ba. Yana tafiya da babbar manhaja, wato Windows, da duk manhajojin da aka ɗora a kanta, da saitin firinta, da komai da mutum ya daidaita ya manta yadda ya yi. Nan take hankalina ya koma kan tsarin madannai da ke ba ni ƙ da ɗ da ɓ, wanda na sha wahala kafin ya zauna daidai, kuma duk mai buga Hausa ya san cewa idan babu waɗannan haruffa, ƙafa za ta koma kafa, ɓata ta koma bata.

Gaskiya ɗaya ce, da ya ba ni shawarar a kwafe faifan gaba ɗaya a kan faifan waje, wato wanda ake jonawa da kwamfuta ta waje, da farko na ɗauka hanya ce kawai ta sayar mini da kaya. Abin da ya kawar da zargin shi ne cewa da kuka yi in je duk inda nake so in sayo faifan waje, ku dai aikinku za ku yi. Da na kawo, kuka ɗauki cikakken kwafin faifan ciki gaba ɗayansa da wata manhaja da take cikin Windows tun zamanin Windows 7, ba tare da an sayi wata sabuwa ba. Kuka kuma haɗa mini filas na farfaɗowa mai girman gigabait 16, wanda ake tayar da kwamfuta da shi ranar da Windows ta ƙi buɗewa, kuka liƙa masa takarda da kwanan wata.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin. Injiniya ya ce ba ya yarda da kwafin da ba a taɓa jarraba shi ba, domin mutane da yawa sai ranar da buƙata ta taso suke gane cewa abin da suka ajiye ba ya buɗewa. Ya sa yaronsa ya cire faifaina, ya sanya wani na shago wanda babu komai a kai, ya tayar da kwamfutar da filas ɗin, ya zuba kwafin, muka zauna muna kallo har fuskar kwamfutata ta fito kamar yadda na santa. Wannan gwaji ya cinye muku lokacin da za ku karɓi wani aikin, kuma ba ku ƙara ko sisi a kan kuɗin da muka yi ciniki ba. Na kuma lura cewa duk tsawon aikin babu wanda ya buɗe wata takarda ko hoton iyalina, alhali duk suna hannunku. Wannan amana ce da ba kowa ke riƙe ta ba.

Kafin in tafi kun ja mini kunne a kan kada in bar faifan waje a jone, domin ƙwayar cutar da ke kulle bayanai ta nemi kuɗin fansa, irin WannaCry wadda ta bazu a ƙasashe fiye da 150 a watan Mayun 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, takan bi duk abin da ta tarar a haɗe da kwamfuta. Kun koya mini ƙa'idar masu wannan sana'a ta kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a nesa da gida, saboda gobara ko ɓarawo ba sa barin abin da ke gefen kwamfuta. Shi ya sa na buɗe wa muhimman takarduna wuri a Google Drive, ma'ajiyar Google da ke kan intanet, inda ake ba da gigabait 15 kyauta.

Da damina ta yi nisa, ranar da kuke faɗa ta zo. An ɗauke wuta an dawo da ita da ƙarfi ina tsakiyar buga tambayoyin jarrabawar zango, kuma daga nan sai wani ƙas-ƙas daga cikin akwatin, allo kuwa baƙi ƙirin. Na kawo ta da hantsi jikina a sanyaye. Kuka duba kuka ce faifan ya tafi, kuka sanya sabo irin SSD wanda ba shi da abin da ke juyawa a ciki, kuma girmansa bai gaza na tsohon ba, kuka zuba kwafin. Kafin a kira la'asar ina zaune gabanta ina buga ƙ da ɗ, firinta tana amsawa, ba a yi fomatin ba, wato ba a goge komai an fara daga farko ba, ba a sake ɗora ko manhaja ɗaya ba. Aikin mako uku kaɗai na rasa, shi ma domin cikakken kwafi yana mayar da kwamfuta ne yadda take ranar da aka ɗauke shi, ni kuma na yi jinkirin sabunta nawa.

Ina kuma godiya da gaskiyar da kuka faɗa mini, cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma tsohuwar kwamfutata ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, kuka bar ni in shirya sauyi gwargwadon ƙarfina ba tare da matsi ba. Yanzu Juma'ar farko ta kowane wata nake sabunta kwafin, kuma na sayi faifai na biyu wanda yake zaune a gidan ƙanena a Rafindadi. Malamai biyu daga makarantarmu sun ce za su kawo muku nasu bayan an gama jarrabawa.

Allah Ya sanya albarka a cikin sana'arku, Ya raya yaran da kuke koyarwa, Ya saka wa iyayenku da alheri.

Naku mai godiya,
Malamin Hausa, birnin Katsina.